Wutar Surukata

Shekarar da muka bar ƙauyenmu na gulbin Maraɗi, ni aka ɗora wa wuta a ka, kuma ban ce uffan ba. Lokacin ba a san Nasara ba a ƙasarmu. Mahaifin mijina ya rasu, 'yan'uwa suka raba gona, abin da ya faɗo wa mijina ko akuya ba zai ƙosar ba. Sai ya ji labarin arewa, can bayan Kornaka, wajen rijiyar Dakoro, wai daji ne shimfiɗe, iyakar abin da ƙarfinka ya sare naka ne. Muka jira aka gama girbi, muka ɗora hatsinmu da tabarmi a kan jakai. Masu tafiyar su ne shi, da ni, da 'yar da nake goyo, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Mai nuna mana hanya wani dattijon Buzu ne mai fataucin kanwa, zai koma gida da raƙuminsa. Mutum ne mai tsadar magana, amma safiyar tashi ya tsayar da mu a bakin gari ya kafa mana doka.

"Ku mutanen gulbi ne, kun saba da ƙasa mai raɓa," in ji shi. "Can inda za mu, haki ya bushe, ya kai ma mutum wuya. Ba a tahiya da wuta. Ba lohen taba, ba bakin wuta, ba garwashi. In mun sauka, ni ka ƙyastawa, ni ka kashewa."

Mijina ya ce to. Inna ma ta ce to, har da gyaɗa kai irin na masu gaskiya. Ni kuwa na sunkuyar da ido, don a lokacin nan wutar tana bisa kaina.

Inna tana da abin alfahari guda a duniya, shi ne murhunta. Takan ce tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya wutarta ba ta taɓa mutuwa ba. Maƙwabta ne ke zuwa da kasko su ɗiba, ita ba ta taɓa taka gidan kowa roƙon garwashi ba. In ta tashi zagin mace, iyaka ta ce mata mai mataccen murhu, an gama. A wajenmu kuma in gida zai yi ƙaura, akan ɗebi wutar tsohon murhu a kunna sabo da ita, don kada arzikin gidan ya tsaya a baya. Amma wannan ƙaura ce daga unguwa zuwa unguwa, wadda mace za ta yi da kasko a hannu tana gaisawa da mutane. Ba wanda ya taɓa yin ta cikin daji na kwana da kwanaki.

Kafin mu fito ta kira ni ɗakinta da aka kwashe. Ta zuba toka a wata 'yar tukunya, ta binne garwashin itacen ƙirya a ciki, ta ɗora busasshen kashin shanu, ta kife da kasko mai 'yar huda. Ta sa tukunyar cikin babbar ƙwarya, ta cusa tsummoki a gefe, ta jera ludayi da faifai a sama, wanda ya gani sai ya ce kayan girki ne.

"Wuyana ba shi ɗauka," ta ce. "Ke ka ɗauka. Kuma ba duk abin da ido ya gani baki ka hwaɗi ba."

Yaran yanzu in na ba su labarin nan sai su ce, to me ya hana ki magana? Bakinsu ne da sauƙi. Ni ko idon Inna ban taɓa kallo ba, ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba. In kai ƙararta wurin ɗanta kuwa, da na yi haka gara a ce na yi sata. Ga wata kunyar a kan wannan. 'Yar da ke bayana ita ce ta fari, ba a ambatar sunanta, ba a nuna an damu da ita. In na ce ina tsoro saboda ita, na yi abin da za a riƙa faɗa a bakin rijiya. Na naɗe gammo na ɗora, na sa ƙwaryar a kai.

Kwanakin farko da sauƙi, muna bin gonakin da aka girbe, ƙasa fili, ga ƙauyuka. Da muka wuce Kornaka sai gonaki suka ƙare kamar an yanke da wuƙa. Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan ba. Gamba ta fi ni tsawo, ƙarangiya ta cika ƙasa, duk sun bushe sun yi fari, in iska ta kaɗa sai ka ji suna ƙas-ƙas. Hanyar ba ta fi faɗin jaki ba. Ciyawar tana shafar ƙwaryar ta dama da hagu, duk shafa ɗaya sai gabana ya faɗi. Ina jin ɗumin tukunyar yana sauka ta gammo zuwa tsakar kaina, ina jin ɗumin 'yata a gadon bayana, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

Wuta tana son ci, ba ta san ana tafiya ba. In an tsaya hutawa sai Inna ta miƙe ta ce za ta kewaya. "Ke, taho ki raka ni. Ɗauko kayanga, kada jakai su taka." Mu shiga cikin ciyawar nan har mu ɓace wa maza, ta tsuguna, ta buɗe kasko, ta ƙara kashin shanu, ta kumbura kumatu tana hurawa. Tana hurawa tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jinjiri. Ni ina tsaye a kanta, ƙafata a ɗage, idona a kan kowane ɗan tartsatsi. In ta rufe sai ta dube ni ta ce, "Mi kike ma rawar jiki? Ta san mu."

A zango kuwa in ka ga yadda dattijon nan ke yi da tasa wutar sai ka ce maciji yake kiwo. Sai ya sa mijina ya share wuri da hauya har ƙasa ta fito tas, ya haƙa rami a tsakiya, sannan ya ciro ƙyastu da audugar tumfafiya. Wutar ba ta wuce bakin ramin. Ina sauke tuwo zai zuba rairayi, ya yayyafa ruwa, ya motsa da sanda, sannan ya tura hannunsa cikin tokar har wuyan hannu. Wata rana mijina ya tsokane shi.

"Baba, ko wani abu ka ɓatar cikin tokag ga?"

"Na taɓa iske ayari bayan wuta ta wuce," dattijon ya ce, bai ɗago ba. "Da mundaye muka gane wace ce mace."

Mijina ya haɗiye dariyarsa. Ƙwaryar tana jingine da kayanmu, a bayan mutumin da ke faɗin wannan magana.

Kashegari da hantsi na ji ƙauri. Ba ƙanshin hayaƙin da na saba ji ba ne, ƙaurin tsumma ne. Na ce ƙaya ta soke ni, na ratse bayan wata sabara, na sauke. Tukunyar ta yi zafi har tsummokin gefe sun kama, wani jan zobe yana cin su a hankali. Ruwa yana cikin salka a kan jaki. Na damƙe tsumman da hannu biyu na murza. Wani guntu ya faɗi a kan ciyawa, nan take harshen wuta ya miƙe, bai fi ɗan yatsa ba. Na durƙusa a kansa da gwiwa. Na daɗe a durƙushe ina murza ƙasa, 'yar tana tsala kuka a bayana.

Da aka sauka mijina ya ga tafin hannuna ya yi bororo. Na ce tukunyar tuwo ce. Ya ce ni dai garajena ya yi yawa. Na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na ce, "Maigida, kayanga da nike ɗauke da su, sun yi mini nauyi."

"Na Inna ne?"

"Nata ne."

"To ki yi haƙuri, mun kusa."

Iyakar ƙarar da na iya kaiwa ke nan. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, Inna kuwa na ji tsoronta fiye da da, don ta ga tsummokin da suka ƙone, sai kawai ta yage gefen tsohon zanenta ta cusa sabo.

Tun daga ranar dattijon ya sake wuri. A da shi ke gaba. Yanzu sai ya nuna wa mijina hanya da sanda, shi ya dawo bayana yana jan raƙumi. Na ɗauka don ina nawa ne. Ina jin takunsa, ina jin numfashin raƙumin, ina addu'a Allah ya toshe masa hanci. Barci ya ƙaurace mini. Ko tafiya nake sai in ga kamar ciyawar gefena ta yi ja.

Ranar da abin ya faru iskar gabas ta tashi tun da safe. Rana ba ta kai tsaka ba raƙumin ya tirje, ya ɗaga kai yana gunji. Wasu barewa suka gitta ta gabanmu, ba su ko kalle mu ba. Sai zomaye, sai gafiya da rana tsaka. Dattijon ya dubi gabas, mu ma muka duba. Shirwa ce birjik a sama suna shawagi, a ƙarƙashinsu kuma wani abu ya tokare kamar hadari, baƙi daga sama, ja daga ƙasa. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne, tawa ce. Na kai hannu na taɓa ƙwaryar. Ba tawa ba ce, daga nesa take tafe, ko ta maharba ko ta masu cin zuma, har yau ban sani ba. Sanin haka bai rage mini komai ba.

"Mu gudu yamma," in ji mijina. Har ya fara dukan jaki.

"Tsaya," dattijon ya ce. "Da iskag ga ta hi doki gudu. Wanda ya ba ta baya shi taka ci. Ɗaure ma jakai dabaibayi, ka ruhe musu ido. Mu ka ƙone gabanmu, mu shiga cikin ƙunar."

Ya gurfanar da raƙumi, ya tsuguna ya juya wa iska baya, ya ƙyasta. Audugar ta kama, iska ta fizge ta ta kashe. Ya sake, ta sake. Na ga gumi yana bin rawaninsa. Toka ta fara sauko mana, baƙaƙen zaren ciyawa suna faɗowa a kan kafaɗu. Sai ya miƙe ya juyo wurina.

"Ɗiyata, sauke ta."

Na yi tsuru-tsuru. Na dubi Inna.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Sauke."

Na sauke. Ya watsar da ludayi da faifai, ya ciro tukunyar da gefen rigarsa. Mijina ya bi tukunyar da kallo, ya dubi uwarsa, ya dube ni, bakinsa a buɗe. Inna ta matso tana miƙa hannu.

"Wutag gidana ce," ta ce.

Dattijon ya wuce ta. Ya kifar da tukunyar gaba ɗaya a yammacinmu, garwashin ya bazu ja wur. Ya tumɓuke ciyawa ya murɗa, ya kunna, ya miƙa wa mijina ɗaya. Ɗaya ya yi kudu, ɗaya ya yi arewa, suna gudu suna dangwala wa ciyawa. Kafin ka ce kwabo wutar Inna ta miƙe ta fi raƙumi tsawo, iska ta kora ta yamma, tana barin baƙar ƙasa a bayanta.

Jiran da muka yi a nan shi ne abin da ba na son tunawa. Gaba wuta, baya wuta, mu a tsakiya a kan ɗan zirin ciyawa busasshe. Ƙasar da ta ƙone ba ta takuwa tukuna, ta gabas kuwa har mun fara jin rurinta, da ƙarar gamba tana fashewa. Dattijon ya ɗaga hannu ya hana kowa motsi. Na kwance goyo na dawo da 'yar ƙirjina. Da zafin bayanmu ya kai inda ba a jurewa sai ya ce, "Yanzu." Mijina ya saɓi Inna, dattijon ya kwance jakai ya ja su tare da raƙumi, ni na rungume 'yata muka afka cikin tokar. Takalmina ɗaya ya tsinke, ban tsaya ba.

Can tsakiyar ƙunar ya ce mu kwanta rub da ciki. Ya kwance bakin salka ya jiƙa mana zannuwa, muka lulluɓa. Na sa 'yar a ƙarƙashina, na tokare da gwiwa da gwiwar hannu don kada in danne ta. Wutar ta iso. Ban gan ta ba, ji na yi. Rana ta ɓace, hayaƙi ya cika zanen, kowane numfashi kamar an zuba barkono a wuta. Jakai suna kuka, Inna tana salati, 'yar tana kuka tana harbin cikina da ƙafa. Wutar ta zo bakin ƙunar ba ta sami abin ci ba, ta rabu biyu ta kewaye mu. Rurin ya yi nisa. A nan na lura an daina harbina.

Na yaye zanen. Idonta a rufe, leɓenta ya yi toka-toka, wuyanta ya saki. Na girgiza ta, shiru. Sai na ji wata mace tana kiran sunan 'yar da ƙarfi, tana maimaitawa, ashe ni ce, a gaban mijina, a gaban uwarsa. Na sa baki na tsotse mata hanci, na tofar da baƙin majina, na hura mata iska. Dattijon ya watsa mata ruwa a fuska. Ta yi wani ɗan tari kamar na kyanwa, ta sake yi, sannan ta buɗe baki ta saki kuka. Na zauna cikin toka ina ba ta nono ina kuka, ban rufe fuska ba.

Da hankali ya ɗan dawo, mijina ya tambayi dattijon yaushe ya sani.

"Tun bakin garinku. Raƙumina ma ya sani."

"To mi ya hana ka magana, Baba?"

"Da na yi magana, da tsohuwa ta sake ɗibar wata ta ɓoye cikin tabarmi bisa jaki. Jaki bai san tsoro ba. Na ga gara ta zamna bisa kan mai tsoronta."

Ban gode masa ba. Na so in tambaye shi ko ya san abin da kwanakin nan suka ci a jikina, amma ba ni da sauran ƙarfi.

Muna haɗa kaya sai na nemi Inna na rasa. Can na hango ta ta yamma, tana dogara sanda, tana bin toka a sunkuye. Ta tsinto tukunyarta, ba ta fashe ba. Ta sami wani kututture yana cin wuta, ta ɓanɓaro garwashi da kasko, ta zuba toka, ta rufe. Ta dawo fuskarta baƙi ƙirin, idonta yana ruwa, amma da murmushinta.

"Wagga tamu ce," ta ce. "Na ga inda ta bi. Kun gani, ita ta hisshe mu." Ta miƙo mini. "Ɗauki."

Gaskiya ta faɗa, ita ta fisshe mu. Amma daga inda nake tsaye ina hango arewa, inda baƙar ƙasa ta ƙare, farar ciyawa ta ci gaba har iyakar gani, kuma ta nan hanyarmu ta bi. 'Yar tana bayana tana numfashi da wani ɗan kurman sauti. Na jira mijina ya yi magana, ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Dattijon ya juya yana duba ƙafar raƙumi.

Na ɗago na dubi Inna cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, ba ni ɗauka."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Da ta ga hannuna bai motsa ba sai ta ce, "To ni in ɗauka." Ta rungume tukunyar a ƙirji da gefen zane, ta yi taku kaɗan ta yi tuntuɓe, kaskon ya goce. Gorar ruwa tana hannuna. Na tako na ɗage kaskon na tuttule ruwan a ciki. Ta yi cuu, tururi ya bugi fuskokinmu mu biyu.

Inna ta daɗe tana kallon cikin tukunyar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ajiye ta a ƙasa a hankali ta ce, "Kin kashe mini gida." Ta ɗauki sandarta ta bi bayan jakai.

Muka isa Dakoro lafiya. Lokacin rijiya ce da 'yan bukkoki, da makiyaya masu zuwa shayar da dabbobi. Mijina ya kafa mana bukka, na jera duwatsun murhu, dattijon ya ƙyasta mini wutar farko kafin ya wuce. Daji ya karɓe mu, gero ya yi kyau, 'yar ta warke ta girma, ita ce yau take da jikoki.

Inna ta yi damina da yawa tare da mu. Tana cin tuwona, tana goyon 'yar, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko ga ɗanta. Amma ba ta ƙara taɓa murhu ba. Ko itace ya zamo yana ci a waje, sai dai ta kira ni in tura. In maƙwabciya ta shigo da kasko ta gaishe ta ta ce a sam mata wuta, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi mai ita."

A ciwonta na ƙarshe sanyi ake yi sosai, tana kwance tana rawar ɗari, duk zannuwan gidan suna kanta. Na cika kasko da garwashi mai kyau na kai mata ɗaki, na durƙusa na ajiye kusa da ƙafafunta. Ta buɗe ido ta dubi kaskon, ta dube ni.

"Ɗiyata," ta ce, ba da faɗa ba, "mai da abinki."

Na ɗauka na mayar.